Haɗa Gahawa a Gida da French Press: Tambayoyi da Amsoshi

A wannan shafi, idan muka ce "gahawa" abin shan muke nufi, idan muka ce "kofi" mazubin da ake sha da shi, don kada zance ya cuɗe. Awon da muka bayar na giram da mililita ne, amma mun faɗi kwatankwacinsa da cokali saboda wanda ba shi da sikeli.

Mece ce French press, kuma yaya take aiki?

Buta ce doguwa mai siffar gwangwani, yawanci ta gilashi, a cikin gida na ƙarfe ko na roba mai mariƙi. A tsakiyar murfinta akwai huji, sandar ƙarfe ta ratsa ta nan, a ƙasan sandar kuma aka ɗaura matata. Sandar da matatar tare su ne madanni.

Matatar faifai uku ce da ake murɗawa a jikin sandar. Na ƙasa faifan ƙarfe ne mai hannuwa da ke tallafe da sauran. Na tsakiya ragar ƙarfe ce mai ƙananan idanu, ita ce ke tacewa. Na sama faifai ne mai huji-huji da naɗaɗɗiyar waya a kewayensa, aikin wayar shi ne ta tura bakin ragar ya manne da jikin gilashin don kada gari ya bi ta gefe.

Aikin butar jiƙo ne kawai. Garin gahawa ya zauna cikin ruwan zafi na 'yan mintoci, sannan a danna matatar ta kai garin ƙasa, a tsiyaye ruwan. Dannawar ba ta ƙara wa gahawa ƙarfi ko ɗanɗano, raba gari da ruwa kawai take yi. Wanda ya fahimci wannan ya huta da yawancin kurakuran da za a ambata a ƙasa.

Me ya sa ake danganta ta da Faransa?

A 1852 wasu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, suka yi rajistar ƙirar wata butar gahawa mai madanni, amma matatarta ba ta manne da jikin butar sosai. Ƙirar da ta yi kama da ta yau ɗan Italiya ne, Attilio Calimani, ya yi mata rajista a 1929. A 1958 Faliero Bondanini ya fito da tasa, aka riƙa ƙera ta a Faransa da sunan Melior, daga baya kamfanin Bodum na ƙasar Denmak ya yaɗa ta a duniya. A Ingila cafetière suka fi kiranta.

Wace girma zan saya? Na ga an rubuta "kofi 8" a jikin kwali.

Kada lissafin kofin ya ruɗe ka. Kofin da masu ƙera butar ke nufi ƙarami ne, kimanin mililita 125, bai kai rabin babban kofin shayin da aka saba da shi ba. Buta mai "kofi 3" mililita 350 take ci, wato shan mutum ɗaya. Mai "kofi 4" rabin lita ce, mai "kofi 8" lita ɗaya, mai "kofi 12" lita ɗaya da rabi.

A sayi wadda za a riƙa cikawa. Idan aka haɗa mililita 250 a butar lita ɗaya, ruwan zai huce da wuri, kuma a wasu butocin matatar ba ta sauka har ƙasa, sai ta tsaya a saman ruwan ba ta tace komai ba.

Ta gilashi ko ta ƙarfe?

Ta gilashi ta fi araha, kuma ana ganin abin da ke faruwa a ciki, wanda ke taimaka wa mai koyo. Aibinta biyu: tana fashewa, kuma tana saurin sakin zafi. Ta ƙarfe mai bango biyu, irin na filas, tana riƙe zafi kuma ba ta tsoron faɗuwa. Gidan da akwai yara, ko wanda ke yawan tafiya, ta ƙarfen ta fi masa. Ɗanɗanon dai bai bambanta ba idan aka ɗumama butar kafin a fara.

Ko wacce ce, ba a ɗora ta a kan wuta. A butar shayi ko tukunya ake tafasa ruwan, a juyo.

Nawa ne awon gahawa da ruwa?

A fara da giram 60 na gahawa a lita ɗaya ta ruwa. Wannan kusan kashi 1 ne na gahawa a kashi 16 ko 17 na ruwa. Mai son ta da ƙarfi ya hau zuwa giram 70 a lita.

A butar mililita 350, giram 18 zuwa 20 da ruwa mililita 300. A butar rabin lita, giram 27 zuwa 30 da ruwa mililita 450. A butar lita ɗaya, giram 55 zuwa 60 da ruwa mililita 900. An rage ruwan ne saboda garin ma yana cin wuri, kuma dole a bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a sama don madannin ya zauna.

Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, saboda haka wanda ke da ƙaramin sikelin kicin sai ya ɗora butar a kai ya auna komai a wuri ɗaya. Wanda ba shi da shi ya yi amfani da babban cokali: shafaffen cokali na ɓarzajjiyar gahawa kusan giram 5 ne, mai tozo kuma 7 zuwa 8. Giram 30 ke nan shafaffen cokali shida. Cokali ba ya da tabbas irin na sikeli, domin gahawar da ta soyu ta yi baƙi ta fi wadda ba ta soyu sosai ba rashin nauyi, cokalin ya cika amma giram ɗin bai kai ba. Duk lokacin da aka sauya irin gahawa sai a sake gwadawa.

Abin lura: garin yana shanye ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa. Giram 30 zai riƙe kimanin mililita 60, don haka abin da zai shiga kofi bai kai abin da aka zuba ba.

Yaya ya kamata niƙan ya kasance?

Nan ne mafi yawan mutane ke samun matsala, don haka za mu ɗan tsaya.

Ɓarzawa ake so, ba niƙa mai laushi ba. Idan aka murza tsakanin yatsu a ji shi tsaki-tsaki, kamar ɓarzajjiyar masara ko gishiri mai manyan ƙwayoyi. Idan ya yi laushin garin tuwo ko ya manne a yatsa, bai dace da wannan butar ba.

Dalili biyu ne. Na farko, idanun ragar ƙarfe sun fi na matatar takarda girma nesa ba kusa ba, gari mai laushi zai ratsa su ya shiga kofi, ko kuma ya toshe su madannin ya ƙi sauka. Na biyu, gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya gwargwadon saurin da ruwa ke zuƙe abin da ke cikinta. Abubuwa masu tsami da ƙamshi su ke fara fita, masu zaƙi-zaƙi su biyo baya, masu ɗaci da bauri su zo a ƙarshe. Gari mai laushi da ya yi minti huɗu a ruwan zafi ya riga ya wuce zaƙin ya faɗa ɗaci.

Amma kada a zarce. Ɓarzar da ta yi girma ainun, kamar fasasshen wake, ruwa ba ya kai wa cikinta a minti huɗu, sai gahawar ta fito tsararo mai tsami. Idan aka yi shakka, gara a ɗan karkata wajen matsakaiciyar ɓarza a bar ta ta kwanta sosai kafin a tsiyaye.

Abin da ya fi girman ƙwayar muhimmanci shi ne daidaituwarta. Injin niƙa iri biyu ne. Akwai mai wuƙa da ke juyawa, irin na markaɗen kayan ƙamshi, wanda ke sara 'ya'yan gahawa ba tsari, wasu su zama ƙura wasu su rage manya. Sakamakon shi ne kofi ɗaya mai ɗaci da tsami lokaci guda, domin ƙurar ta wuce ƙa'ida, manyan kuma ba su kai ba. Akwai kuma mai haƙora biyu da ke murƙushe 'ya'yan a tsakaninsu, ana iya saita tazarar, kuma ƙwayoyin suna fita kusan girma ɗaya. Na hannu daga cikinsa ba ya bukatar wutar lantarki, kuma giram 30 ba ya wuce minti ɗaya ko biyu ana juyawa. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya kawai, ya sa shi a injin niƙa mai haƙora, ba a buta mai tsada ba.

Ba ni da injin. Zan iya daka ta a turmi?

Ana iyawa, da sharaɗi. Turmin ya zama na gahawa kaɗai, domin gahawa na ɗaukar wari da sauri, turmin da aka taɓa daka yaji ko daddawa a ciki zai bar mata alamarsa ko an wanke. A daka kaɗan-kaɗan, a murƙushe maimakon a kirɓa, sannan a zuba a rariya mai laushi a girgiza don ƙurar ta fita. Abin da ya rage a saman rariyar shi ake so. Ƙurar kuma a ajiye ta don dafawa a tukunya. Haka ma mai injin wuƙa: ya riƙa kunnawa yana kashewa daƙiƙa biyu-biyu yana girgiza injin, sannan ya tankaɗe.

Garin gahawar da ake sayarwa a kanti fa? Nescafé kuma?

Yawancin niƙaƙƙiyar gahawar kanti an niƙa ta ne don injin tacewa ko injin espresso (mai tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin gari mai laushi), ta fi abin da ake so laushi. Idan ita ce a hannu, a rage lokacin jiƙo zuwa minti 3, a danna a hankali, kuma a san za a ga laka a gindin kofi. Ta espresso kam kada a sa ta a wannan butar.

Nescafé da ire-irenta gahawa ce da aka riga aka dafa aka busar, narkewa take a ruwa. Babu abin da za a tace, don haka ba ta bukatar wannan butar.

Wane zafin ruwa ake so?

Tsakanin digiri 92 da 96 a ma'aunin Selsiyos. Ba sai da ma'aunin zafi ba: a bar ruwa ya tafasa, a sauke, a jira daƙiƙa 30 zuwa 45, a zuba.

Gahawar da ta soyu ta yi baƙi har tana ƙyallin mai ta fi son ruwa mai ɗan sauƙin zafi, kamar digiri 88 zuwa 90, wato a jira minti ɗaya da rabi ko biyu, in ba haka ba ƙaurin zai fito fili. Wadda aka soya sama-sama kuma, mai launin ƙasa-ƙasa, a zuba mata ruwan yana sauka daga wuta.

Tudu ma yana da tasiri. Duk hawan mita 300 yana rage zafin tafasar ruwa da kusan digiri ɗaya. A Jos, da ke sama da mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, a tsaunin Mambila ma ƙasa da haka. Mazauna irin waɗannan wurare ba su da abin jira, da ya tafasa su zuba.

Ku faɗi matakan daga farko zuwa ƙarshe.

Ga misali da butar rabin lita.

A zuba ruwan zafi a butar a juya shi ya ɗumama gilashin, a zubar. A lokacin hunturu wannan ba abin tsallakewa ba ne, domin gilashi mai sanyi na ƙwace wa ruwa zafi tun kafin jiƙon ya fara.

A zuba giram 28 na ɓarzajjiyar gahawa. A fara duba agogo, a zuba ruwa mililita 450 gaba ɗaya, ana zagayawa don ko'ina ya jiƙe, kada a bar busasshen gari a gefe. A ɗora murfin da madannin a sama, ba tare da an danna ba.

Garin zai taso ya yi ɓawo a saman ruwan. Idan minti 4 ya cika, a buɗe, a sa cokali a fasa ɓawon da juyawa biyu ko uku. Za a ga mafi yawan garin ya nutse, ya bar kumfa mai launin ƙasa da 'yan ɓarɓashi. A kwashe su da cokali a zubar. Cokalin katako ko na roba ya fi, na ƙarfe idan ya bugi gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

A mayar da murfin, a juya shi yadda ɓangaren da ke da tsaga-tsaga zai fuskanci bakin tsiyaya. A riƙe mariƙin da hannu ɗaya, a danna da ɗayan, a miƙe, a hankali, cikin daƙiƙa 15 zuwa 20. Nauyin hannu kawai ya isa. Idan matatar ta taɓa garin a tsaya, ba a matse shi.

A tsiyaye duka nan take, a bar ɗan na ƙarshe, kamar cokali biyu ko uku, a gindin butar. Nan laka ta taru.

Me ya sa dole a juye duka nan take?

Domin matatar ba ƙofa ba ce. Garin da ke ƙasa yana nan cikin ruwan, yana ci gaba da sakin ɗaci ta idanun ragar. Kofin farko ya yi daɗi, na biyu bayan minti ashirin ya yi bauri, sai a ɗora laifin a kan gahawar alhali butar aka mayar filas. Abin da ba za a sha yanzu ba a juye shi a filas ɗin da aka ɗumama.

Akwai hanyar rage lakar da ke kwanciya a gindin kofi?

Ba za ta ɓace gaba ɗaya ba, ɗabi'ar matatar ƙarfe ke nan, kuma ita ce ke ba gahawar wannan butar kaurin da masoyanta ke nema. Amma ana rage ta ƙwarai da haƙuri.

Bayan an fasa ɓawon an kwashe kumfa a minti na 4, kada a danna. A bar butar ba a taɓa ta ba har minti 5 zuwa 8. A wannan lokacin ƙananan ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwan za su kwanta da kansu. Sannan a sauke matatar ta tsaya a saman ruwan kawai, a tsiyaye sannu ta cikinta ba tare da an girgiza butar ba. Dannawa har ƙasa ita ke tayar da abin da ya kwanta, kamar wanda ya sa ƙafa a kududdufin da ya natsu.

Za a tambaya: ba yanzu aka ce barin ta a buta na kawo ɗaci ba? Bambancin shi ne 'yan mintoci ne ƙididdigaggu, garin ya kwanta wuri ɗaya ba a motsa shi ba, ruwan kuma yana hucewa, don haka zuƙar ta yi sanyi sosai. Da ma gahawa mai digiri 90 ba ta shawuwa, jiran bai ɓata komai ba. Rabin sa'a kuwa wani zance ne daban.

Madannin ya ƙi sauka. In ƙara ƙarfi?

A'a. Gari mai laushi ne ya toshe ragar, ko an cika gari da yawa. Idan aka tilasta, ruwan zafin zai nemi hanya ya yi tsartuwa ta bakin butar, ya ƙona hannu ko fuska, gilashin ma yana iya tsagewa. A ɗan ɗago madannin sama kamar rabin yatsa, a jira daƙiƙa kaɗan, a sake dannawa a hankali. Kullum bakin tsiyayar ya kalli wani wajen, ba mai dannawa ba. Gobe a ƙara girman ɓarzar.

Idan kuma madannin ya faɗa ƙasa ba wata turjiya, ko ɓarzar ta yi girma da yawa, ko bakin ragar ya saki jikin gilashin.

Gahawata tana ɗaci. Ina matsalar?

A duba abubuwa huɗu, bi da bi: niƙan ya yi laushi, jiƙon ya daɗe ko an bar ta a butar, ruwan ya yi wa baƙar suya zafi, ko matatar ta yi datti. Na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. Man gahawa na maƙalewa tsakanin faifan nan uku, ya tsufa ya yi warin tsohon mai, ya ɓata duk abin da ya ratsa ta.

Wani ɗacin kuma daga irin gahawar yake. Manyan ire-irenta biyu ne, robusta da arabika. Robusta ta fi arabika ɗaci da kaifi, kuma kafeyin ɗinta, wato sinadarin da ke korar barci, ya kusan ninka na arabika. Idan kwalin ya ce robusta ce ko gauraye, babu dabarar da za ta mayar da ita arabika.

A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya niƙa da awo da lokaci a rana guda ba zai san wanne ya gyara ba.

Tawa kuma tsami take yi, ko ta fito salam kamar ruwa.

Waɗannan cuta biyu ne daban. Tsami mai kaifi da ke ɓacewa da sauri a baki alama ce ruwan bai zuƙo abin da ya kamata ba: ɓarzar ta yi girma, ruwan ya huce, ko an danna da wuri. A rage girman ɓarzar ko a ƙara minti ɗaya. Salam kuwa, ba ɗaci ba tsami, ko garin ya yi kaɗan ko gahawar ta tsufa.

Ga yadda ake gane tsufa. Sabuwar suya na ɗauke da iskar kabon a cikinta, da ruwan zafi ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi kumfa mai kauri. Idan aka zuba ruwa garin ya nutse shiru ba kumfa, ƙamshin ya daɗe da tafiya.

Wasu gahawoyin da ma da ɗan tsami mai daɗi aka san su, irin na lemo ko 'ya'yan itace, musamman na Habasha kamar Yirgacheffe da Sidama, da na Kenya. Wannan ba aibi ba ne.

Irin ruwan da aka yi amfani da shi yana da tasiri?

Sosai, domin fiye da kashi 98 cikin 100 na abin da ke cikin kofi ruwa ne. Ruwan famfo mai warin kilorin a tace shi, ko a bar shi a buɗe ya kwana. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, yana danne ɗanɗanon gahawa ya bar ta ba armashi. A gwada da ruwan gora sau ɗaya, idan aka ji bambanci an gano mai laifi. Ruwan da ba a jin daɗin shansa da sanyi ba zai gyaru don an zuba masa gahawa ba.

Yaya zan ajiye gahawar?

A sayi 'ya'yan, ba garin ba, a niƙa na yau a yau. Niƙaƙƙiya na fara rasa ƙamshi cikin mintoci, 'ya'ya kuma suna kai makonni huɗu zuwa shida bayan suya suna da kyau. A duba ranar suya a jikin leda idan an rubuta, ta fi ranar lalacewa amfani.

Abokan gabanta iska, zafi, haske da danshi. A sa ta a mazubi mai murfi da ke toshewa ruf, wanda haske ba ya ratsawa, a ajiye nesa da murhu da taga. Kada a sa a firij: duk fitarwa da mayarwa raɓa na sauka a kanta, kuma za ta kwashi warin miya da albasa. Da damina a ƙara kula da murfin. Wanda ya sayi da yawa kuma yana da tsayayyiyar wuta zai iya rarraba ta ƙananan ƙulli, ya toshe sosai ya sa a firiza, ya riƙa fitar da ƙulli ɗaya ba ya mayarwa. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, firizar ma ɓata ta za ta yi.

Zan iya sa citta ko kanumfari, kamar yadda ake yi a Sudan da Chadi?

Ana sawa. A can dafa gahawar ake yi da kayan ƙamshin a kan wuta, a nan kuwa jiƙo ne na minti huɗu, don haka sai an ɓarza su kafin su saki ƙamshi. A rabin lita, rabin ƙaramin cokali na ɓarzajjiyar busasshiyar citta, ko kanumfari biyu, ko ɗan guntun kirfa da aka fasa. A zuba tare da garin gahawa. Garin citta mai laushi yana toshe raga kuma yana ratsa ta. Sukari, zuma da madara a kofi ake sa su, ba a buta ba. Bayan an gama a wanke matatar da kyau, warin kanumfari na daɗewa.

Ana yin ta da ruwan sanyi?

Ana yi, kuma da bazara ta fi ta zafi daɗin sha. Giram 100 na ɓarzajjiyar gahawa a ruwan sanyi mililita 800, a butar lita ɗaya. A juya, a rufe ba a danna ba, a sa a firij sa'a 12 zuwa 18. Idan sandar ta hana butar shiga firij, a cire madannin a rufe bakin da faranti. A danna, a juye a kwalba. Wannan mai kauri ce, ana sirka ta da ruwa ko madara kashi ɗaya da ɗaya, a sa ƙanƙara. Ɗacinta kaɗan ne, amma kafeyin ɗinta ba kaɗan ba ne.

Gaskiya ne tana ƙara kolestarol?

Akwai gaskiya a ciki. Man gahawa na ɗauke da sinadarai biyu, kafestol da kawiyol, waɗanda bincike ya tabbatar suna ɗaga kolestarol ɗin da ake kira LDL, wato nau'in kitsen jini da yawansa ke cutar da jijiyoyin jini. Matatar takarda na kama mafi yawansu, ragar ƙarfe kuwa tana barin su su wuce. Haka abin yake ga duk gahawar da ake dafawa a tukunya a sha ba a tace da takarda ba. Tasirin na bin yawan abin da ake sha, wanda ke shan kofuna da yawa kullum ya fi shiga ciki. Wanda likita ya ce kolestarol ɗinsa ya hau, ya sake tace gahawarsa da matatar takarda bayan ya tsiyaye, ya kuma gaya wa likitan irin gahawar da yake sha.

Game da kafeyin, hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka sun sa iyakar miligiram 400 a rana ga babba mai lafiya, wato wajen kofi huɗu matsakaita. Mai juna biyu kada ta wuce 200. Jiki na ɗaukar kimanin sa'a biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, saboda haka kofin bayan la'asar yana iya hana barcin dare. Mai hawan jini, bugun zuciya ko gyambon ciki ya tuntuɓi likitansa.

Yaya ake wanke ta?

Kada a juye tuƙar gahawar a wurin wanke-wanke, tana taruwa ta toshe bututu. A zuba ɗan ruwa a butar, a kaɗa, a juye a tsohuwar rariya, a kai tuƙar kwandon shara ko ramin taki. Sannan a zuba ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, a yi ta danna madannin sama da ƙasa sau biyar ko shida, a ɗauraye har warin sabulun ya tafi.

Sau ɗaya a mako a kwance matatar. A riƙe faifan ƙasa a murɗa sandar hagu, faifan uku za su rabu. A goge kowanne da tsohon buroshin haƙori, za a ga baƙin maiƙon da ya ɓuya a tsakaninsu. Idan ya kafe, a jiƙa su minti 15 a ruwan zafi da babban cokali ɗaya na bekin soda. Wajen mayarwa a kiyaye jerin: faifai mai hannuwa a ƙasa, raga a tsakiya da bakinta yana kallon sama, mai waya a samanta.

A duba bakin ragar a haske. Idan ya lanƙwashe, ya tsage, ko wayoyi sun fara fita tsirara, ta gama aiki, gari zai riƙa bi ta gefe. Ana sayar da ragar ita kaɗai, haka ma gilashin, sai dai a auna faɗin na hannu da tsayinsa kafin a saya, domin butocin lita ɗaya na kamfanoni daban-daban ba lallai su zo girma ɗaya ba.